Farfaɗiyar Ƙarya da Na Yi Don a Sallame Mu

Ɗiyar yayana tana da shekara huɗu lokacin da muka kwanta da ita asibiti a Gure. Farfaɗiya ce, amma ba irin wadda aka saba gani ba. Tata in ta kama sai ta ƙi saki, kuma ɗan zazzaɓi ma ya isa ya tayar da ita. Uwarta na can ƙauyenmu bayan Kelle da tsohon ciki, shi ya sa ni da Iya, mahaifiyata, muka zama ƴan jinya.

Mun daɗe, har mai ƙosan bakin ƙofa ta daina tambayarmu na nawa. Waɗanda suka zo suka tarar da mu duk an sallame su. Yarinyar kuwa kullum sai ta ja mini zane ta ce, "Gwaggo, yau za mu wajen Mama?" Wallahi abin yana ci mini rai.

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na tare lokotoro, wato likita, a hanya na ce, "Wai me ya rage ne?"

Ya ce zazzaɓi ya sauka, tana haɗiye magani da kanta, an kuma gano wanda ya karɓe ta. "Saura tsohuwa. Garinku da nisa, mota ba kullum ba, ita ce kuma za ta riƙe yarinyar. Jiya na gan ta da cokali tana neman cusa mata a baki. Sai ta iya, sannan in sake ku."

Iya ta dafe ƙirji. "Ni? Ni da na haifi tara?"

Haka aka sa Iya lakkwal, wato makaranta, da furfurarta, ni ce kuma abin gwaji. Majo, babbar ma'aikaciyar ɗakin, ta shimfiɗa tabarma ta ce in faɗi. Kai, na faɗi! Na ƙafe ido, na yi ta shure-shure. Iya ta saki salati, ta kwance bakin zane, sai ga albasa a hancina. Ɗakin gaba ɗaya ya kwashe da dariya, har wata mai ƙarin ruwa a hannu tana riƙe ciki. Karo na biyu Iya ta hau ƙafafuna ta zauna daram. Na uku ta ɗaka mini duka a cinya: "Ke tashi, ja'ira, kin cika iya shege!"

Majo tana share hawayen dariya tana maimaitawa: a kwantar da ita a gefe, a janye abin da zai buge ta, kada a danne ta, kada a sa komai a baki, in ta daɗe ba ta saki ba a matsa mata maganin nan ta dubura. Na ce wannan na ƙarshen kam ba da ni ba.

Muna cikin wannan shashanci wata ranar da hantsi, ina ƙasa ina birgima, sai na ji ɗakin ya yi tsit. Ta gaske ce ta zo wa yarinyar. Na kasa tashi. Iya ta tsallake ni. Ta juya jikarta a gefe, ta ture kwano, ta sa zane ƙarƙashin kanta, tana kiran sunanta a hankali. Majo ta tsaya kusa da maganin a hannu, ba ta taɓa ta ba har abin ya saki.

Na ɗauka shi ke nan, an ƙara mana kwanaki. Lokotoro ya duba ta, ya ce in ta kwana lafiya gobe mu tafi. Na buga guɗa a tsakiyar asibiti, ko kunya babu!

Iya ta kama hannun rigarsa. "Ɗana, ta warke ke nan?"

Ya ce, "A'a, Iya. Za ta sake yi."

Iya ta miƙa wa majo hannu ta ce, "To, ƙara nuna mini na duburar nan."