Maƙoƙon da na ɓoye ina jiran dokar fansho

Assalamu alaikum jama'ar shafina. Ina nan da raina! Masu turo saƙo suna cewa, "Malama Binta, ko har daga waya kin yi ritaya?" yau ga amsarku. Jinya na yi, kuma na tashi. Alhamdu lillahi!

Ga wanda bai san ni ba, malamar firamare ce ni a Getso, shekaruna na aiki sun kusa cika.

Tun bara ake maganar wani ƙudiri a majalisa da zai gyara fanshon malamai, a ƙara mana shekarun aiki, a kuma kyautata abin da mutum zai riƙa karɓa. Sai magana ta bazu cewa wanda dokar ta samu a bakin aiki shi zai amfana, wanda ya riga ya sauka kuwa ya tafi da tsohon tsari. Babu wanda ya karanta ƙudirin a cikinmu, mu dai mun ji mun hau. Ga tsadar rayuwa, tsohon tsarin ba ya kai mutum tsakiyar wata.

Nan da nan ofishin malamai ya cika da masu lafiyar ƙarya. Kowa ka tambaya sai ya ce "Garau nake!" alhali yanzu ya kora ƙwaya da ruwan buta. Tsoronmu kada a ce ba ma iya aiki, a sallame mu kafin doka ta fito.

Ni murya ce ta fara dishewa. Na ce ihun aji ne, na kama taunar citta da kanumfari. Daga nan wuyana ya soma kumbura, tuwo yana maƙale mini, in na kwanta numfashi yana yi mini wuya.

Hijabi ya rufe komai. Maigidana ya rasu, 'ya'ya duk sun yi aure, wa zai ga wuyana?

Asirina ya tonu a wurin suna a Durun. Na shiga ɗakin yayata, Yaya Abu, na cire hijabi zan yi alwala, sai ga ta ta ɗago labule. Ta ƙura wa wuyana ido.

"Binta, mene ne wannan?"

"Ba komai Yaya, jira nake dokar nan ta fito."

"Dokar ce za ta yi miki numfashi? Wallahi gobe ƙafata ƙafarki, ko ki daina kira na yayarki."

Kun san Yaya Abu. Washegari muna asibiti a Gwarzo, daga can aka tura mu Kano.

Gwajin jini, hoton wuya, sannan aka soka allura aka ɗebi ɗan abin da ke ciki a duba ko ciwon daji ne. Jiran sakamakon nan shi ne mafi muni. Na ji tsoro, tsoro na gaske. Kuɗin mota kaɗai ya isa ya ƙara wa mutum ciwo. Awakina suka tafi kasuwa, matan adashinmu suka bar mini ɗauka tun zagaye bai zo kaina ba.

Likita ya ce, "Ba daji ba ne, maƙoƙo ne, amma ya danne hanyar iska. Sai an yi tiyata. Muryar tana iya dawowa, tana iya ƙi."

Ni da bakina na ce, "Likita, ba za a bari sai an yi hutu ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Ku malamai duk haka kuke. Malama, wuyan nan bai san hutu ba."

Aka yi aiki. Na farka da bandeji, na buɗe baki in yi hamdala, iska kawai ta fito. Na yi kuka. Malama ba murya, me ya rage mata? Fanshon da na ɓoye ciwo dominsa ga shi ina kallo zai suɓuce. Salla a zaune, magana da hannu, kunu da cokali. Aka sallamo ni ina raɗa.

Rannan Yaya ta dafa mini faten wake, na kai loma ɗaya, sai kawai na ji na ce, "Yaya, gishirin nan ya yi yawa!"

Da ƙarfi! Ta yar da ludayi ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka shigo a guje sun zaci wani abu ne ya faru. Ta ce, "Ja'ira, da ƙorafi kika dawo!" Muka rungume juna muna dariya muna hawaye.

Kuma ku ji abin haushi: babu wanda ya sallame ni daga aiki. Hedimasta ya ce hutun jinya haƙƙina ne, da ma can yana nan.

Da ƙungiyarmu ta kira taro a Gwarzo don jin ra'ayin malamai kan ƙudirin, na miƙe. Na ce a rubuta ƙarara cewa wanda ciwo ya kayar dab da ritaya ba zai rasa haƙƙinsa ba, kuma a karanta mana ƙudirin da Hausa mu daina rayuwa a kan jita-jita. Har na can baya sun ji ni, ba lasifika!

Na gode wa Allah. Na gode wa Yaya Abu, da likitoci da nas-nas, da matan adashi, da ku masu addu'a. Allah ya saka muku da aljanna.

Shawarata: disashewar murya in ta daɗe, ko kumburi ko ƙanƙani ne, a je asibiti. Kada a jira hutu, kada a jira doka. Ƙudirin har yau yana majalisa, fansho kuma mai rai ake ba.

Bayan taron nan na Gwarzo, wata abokiyar aikina, wadda kullum ta fi kowa cewa garau take, ta ja ni bayan aji. Ta kama hannuna ta ɗora a gefen ƙirjinta. Na ji ƙullutu.

Ta ce, "Malama, wace rana ake ganin likitan?"

Gobe da safe za mu shiga mota tare. Ku sa ta a addu'a.