Damin Geron da Aka Yi wa Maigidan Rediyo Sadaka

Kwanakin baya, a cikin adaidaita sahu a hanyar Ungogo, wayar wani fasinja ta yi ƙara, sai na ji kiɗan kukumar da ake buɗe wani wasan kwaikwayo na rediyo da shi muna yara. Mai wayar matashi ne, da wuya ya san inda kiɗan ya samo asali. Ni kuwa tunani ya ɗauke ni, har aka wuce da ni inda zan sauka.

Wasan na wani gida ne. Akwai maigida mai faɗa da rowa, wanda kullum dabararsa ke komawa kansa, da matarsa mai haƙuri amma ba a kayar da ita a magana, da ɗansu da ya ƙi gona ya ƙi kasuwa. Ana sa wasan duk Juma'a bayan la'asar, tun ba a haife ni ba. A ƙauyenmu, arewa da Bici, kakana kaɗai ke da rediyo. Maza su cika zaure, mata su tsaya bayan danga. Kakana ba mai yawan dariya ba ne, amma da zarar maigidan nan ya fara binciken naman miya, sai ka ga kafaɗunsa na rawa, yana cewa mutumin nan ba zai shiryu ba.

Sai shekarun fari suka zo. Guga ya koma fitowa da laka. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, daga baya aka koma dusa da ganyen tafasa. Mahaifina ya tafi cin rani kudu. Batir kuwa a rana ake shanya shi ya ɗan farfaɗo, ba a kunna rediyo sai don labarai da wasan nan.

A rumbu ba abin da ya rage sai dami biyu na geron iri. Geron gidanmu ne tun iyaye da kakanni, mai gajeriyar zangarniya, mai saurin nuna, da ɗan zaƙi a harshe. Lokacin girbi kakana da kansa yake zaɓen zangarniyar ɗaya bayan ɗaya. Dami ɗaya na shukar farko ne, ɗayan na ajiya, ko da ruwa ya ɗauke shuka ta ƙone. Mun kwana da yunwa ba sau ɗaya ba, amma ba a taɓa su ba.

Cikin bazara aka karanta a labarai cewa mutumin da ke fitowa a matsayin maigida ya rasu, an yi jana'izarsa a Kano. Kakana ya yi salati, ya kashe rediyon. Ranar kwana bakwai ya sa aka sauko da damin ajiya, ya ce wa kakata ta daka gumba.

"Malam, iri ne fa," in ji ta.

"Na sani. Shekara da shekaru yana shigowa zauren nan yana ba mu dariya, ko ruwa bai taɓa sha mana ba. Ya mutu mu yi shiru?"

Kada mai karatu ya ɗauka tsufa ne ya ruɗa kakana. Ya san wasa ne. Sai dai a wurinsa, wanda muryarsa ta saba da zaurenka maƙwabci ne, maƙwabci kuwa yana da haƙƙi. Kakata ta daka gumbar. Aka raba gumbar a ƙofar masallaci, liman ya yi addu'a. Ni ma na samu dunƙule, na cinye, na lashe tafin hannuna.

Juma'a biyu ba a sa wasan ba. Kakana ya ce daidai ne, gidan na zaman makoki, matar kuma sai ta gama takaba, wata huɗu da kwana goma. Juma'a ta uku sai ga kukuma. Wata murya dabam ta amsa sunan maigida, matar na yi masa tsiya kamar ba abin da ya faru. Wani maƙwabcinmu mai shaƙiyanci ya ce, "Malam, ashe mamacin naka ya tashi." Zaure ya kwashe da dariya. Kakana ya miƙa hannu ya kashe rediyon.

"Ko arba'in ba a yi ba," shi ne abin da ya faɗa. Bai sake sauraron wasan ba.

Ruwa ya sauka, aka shuka damin farko, ya tsiro gwanin sha'awa. Sai sama ta ɗauke. Muna kallo tsiron ya yi ja, ya kwanta, ya bushe. Da ruwa ya dawo, kowa ya fita sake shuka, mu babu iri. Na ga kakana ya ɗauki ƙwarya yana bin gidajen mutanen da suka yi masa dariya, wannan ya ba shi tafi ɗaya, wancan rabin tafi. Abin da ya tara gauraye ne, ba namu a ciki. Kakata ba ta taɓa yi masa gori ba, kuma ina jin shirun nata ya fi gorin ciwo. Damina biyu ya ƙara a duniya.

Da na girma na yi karatu, na samu aiki a gidan rediyo. Lokacin wasan ya daɗe da komawa talabijin, an canza 'yan wasa sau da yawa, daga baya aka daina shi. Wata rana wadda take fitowa a matsayin matar maigidan ta zo a yi hira da ita, ta tsufa, tana dogara sanda. Bayan mun gama na ba ta labarin kakana. Sai ta ce ranar da aka kawo sabon mutumin, sai da aka yi ta maimaita ɗaukar murya, don ta kasa kiran sa da sunan maigida. An ce musu a ci gaba, jama'a ba su da wani abin dariya a shekarar.

"Mu da muka yi aiki da marigayin, ko dunƙule ɗaya ba mu raba ba," in ji ta. "'Yar nan, akwai sauran geron?"

Na ce mata babu.

Yanzu gonar na hannun 'ya'yan ƙanena. Suna shuka irin da ake sayarwa a leda, yana kuma yin albarka, ban ga laifinsa ba. Na tambayi tsofaffin ƙauyen ko wani ya taɓa karɓar irin gidanmu ya ajiye, ba a samu ba. A danginmu ni kaɗai na rage da na san ɗanɗanonsa, kuma ranar sadakar nan na ci shi na ƙarshe.