Furen Madam a Hannun Kakata

Ranar Juma'ar da aka ba mu dogon hutu, ina aji uku, na shigo gidanmu na unguwar Treichville rungume da tukunyar fure kamar wadda aka ba riƙon jariri. Malamarmu, da muke kira Madam, ta raba wa kowa tukunya ɗaya daga lambun makaranta, ta ce duk wanda ya dawo da tasa ba fure, shi zai riƙa wanke bayan gida har ƙarshen zango. Tawa mai jajayen furanni ce manya-manya. Na ajiye ta kusa da famfo, safe da yamma ina ba ta ruwa, ina korar kajin maƙwabta, har da yi mata inuwa da tsohuwar lemar Baba.

Ana tsakiyar hutu muka je tashar Adjamé muka tarbo Kaka daga Maraɗi. Ita kuwa a duniyarta ba a shuka abin da ba ya shiga baki. Ta zagaya furen sau biyu, ta ce, "Takwara, wannan mi yake haihwa?" Na ce ado ne kawai. Ta yi tsaki. Washegari na dawo daga aike na tarar ta tsinke furannin tas ta dafa, wai zoɓon mutanen bakin teku ne. Zoɓo ya fito ba tsami, sai yauƙi, don haushi ta tumɓuke sauran ta yar. Na yi kuka har da birgima.

Kaka ba ta iya ba da haƙuri ba. Sai ta kwance bakin zanenta, ta ciro 'yan iri ta tura a ƙasar tukunyar, ta ce, "Ki yi ta ba shi ruwa, ki ruhe mini baki." Ranar komawa na ɗauki tsiro mai fure ruwan ɗorawa. Madam, 'yar birni, ta ɗaga shi gaban aji tana yabo, wai ba ta ma san lambunta yana da irinsa ba. Bayan kwana biyar ya haifi kuɓewa. Ta dubi kuɓewar, ta dube ni, ta tsinke ta jefa a jaka. Ban wanke bayan gida ba.

Yanzu a bene nake zaune a Adjamé, barandata cike da furanni, Kaka kuwa ta rasu tun ina sakandare. Kullum na tashi ina iske su cif yadda na bar su, kuma wallahi wata safiyar haushin hakan nake ji.