Finjali Uku, Ga Yaya Mwanakombo

Na Allah ne mu gaba ɗaya, kuma wurinSa za a tattara mu. Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Yaya Mwanakombo Shee a gidanta da ke Majengo, nan Mombasa. Tana zaune a tabarma tana tsince shinkafar wani biki da za ta dafa, ta ce wa 'yarta Kibibi ta miƙo mata ruwa. Kafin ruwan ya iso ta jingina da bango, shi ke nan. Shekararta hamsin da takwas. An yi mata sutura bayan la'asar.

Yaya, tun maza ba su dawo daga maƙabarta ba na fara jin maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Wai zoben da likita ya sa miki a ciki shi ya kashe ki. Wai shekara tara kina horar da kanki da yunwa har zuciyarki ta gaji. Ni ma wannan zoben yana cikina, kowa ya sani, shi ya sa idanu suka yi ta juyowa kaina. A tsakar gidanki mahaifiyata, Inna, ta damƙe hannuna ta ce, "Riziki, kin dai gani da idonki. Ko ki je a cire miki wannan abin, ko ki nemi wata uwar." Inna ba ta taɓa yi mini irin wannan furuci ba. Kuma ni na san abin da ke jirana idan aka cire. Ciwon sukari ya riga ya ci mini yatsa ɗaya a ƙafar hagu, likita ya ce ƙafar ce ke biye.

Abin haushin, masu maganar ba su ma san mene ne zoben ba. Wannan ta ce ƙarfe ne, waccan ta ce hanjinki aka yanke aka zubar. Haba jama'a! Zobe ne na roba mai laushi da ake ɗaurawa a wuyan tumbi, ya bar 'yar ƙofa, ta yadda abinci kaɗan zai ƙosar da mutum. Akwai wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin fatar ciki, ta nan likita ke sa allura ya ƙara ruwa zoben ya matse, ko ya rage ya saki. Iyakar abin ke nan. Saura kuma aikin mai shi ne, kuma wannan aikin babu wanda ya kai ki iya shi.

Sun manta yadda kike kafin a sa miki. Ni ban manta ba, don tun ina budurwa nake ganinki a bayan gidajen biki, ke ce mai girkin da ba a ɗaura aure a Majengo ba tare da tukunyarki ba. Kilo ɗari da hamsin da biyu. Sai mutum biyu sun kama ki kike tashi daga kujerar girki. Shekara bakwai kina salla a zaune. Likita ya gaya miki zuciyarki ta kumbura, kuma idan aka ci gaba a haka, da wuya ki ga auren Kibibi. Kika tafi Nairobi aka yi miki aikin. Kin ga auren Kibibi, ke kika dafa shi da hannunki, kin goyi 'ya'yanta biyu. Kin taɓa gaya mini cewa ranar da goshinki ya sake taɓa ƙasa a sujada, kin kasa ɗagowa don kuka, har mata suka zaci faɗuwa kika yi.

Amma garin nan namu bai iya ganin mace ta rame ya yi shiru ba. Da jikinki ya fara zubewa sai aka fara raɗe-raɗin ƙanjamau. Wasu suka ce kishi ne ya sa aka yi miki asiri. Masu biki suka janye ɗaya bayan ɗaya, suna cewa wa zai ci girkin wadda ba ta cin girkinta? Wata mace da ta fi ki sanyin hali da ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ke kuwa, a wani biki a unguwar Kibokoni, kika ji gwaggon amarya tana yi da ke a bayan labule. Kika ɗaga labulen, kika kama hannunta, kika danna yatsunta a kan maɓallin nan na cikinki.

"Taɓa da kyau, Gwaggo. Kin ji shi? To wannan ne ciwon nawa. In kin koma ki kai labari daidai, kada ki rage kada ki ƙara."

Matar ta rasa inda za ta sa kanta. Kafin wata ya zagayo, duk Majengo an san labarin zoben, kuma tukwanenki suka koma kan wuta.

Ni ban yi irin zuciyarki ba. Da aka sa mini nawa shekara uku da suka wuce, cewa na yi tiyatar ƙari aka yi mini. Wata biyu da aikin aka yi bikin ƙanwata. Kin san yadda muke: mu shida a faranti ɗaya, uwar ango tana kallon hannun kowa, wadda ta riga cire hannu ta rena gida. Na ji kunya, na yi ta dunƙula shinkafar biriyani ina turawa. Loma ta biyar ta tsaya mini a ƙirji kamar an soka tabarya. Na fita da gudu zuwa bayan tukwane, ina kakari, ina hawaye, ina rantsuwa gobe sai an cire mini wannan bala'i. Sai na ji hannunki a bayana.

"Ke 'yar nan, wata nawa?"

Na ce wata nawa da me?

"Kada ki rena mini hankali. Wannan kakarin na san shi. Tashi tsaye, ɗaga hannu sama, yi tafiya. Kada ki sha ruwa, zai dawo."

Muka yi ta zagaya tukwane har lomar ta wuce. Sai kika kwance bakin zanenki kika fito da wani finjalin gahawa, fari mai zanen shuɗi, bakinsa ya ɗan ɓalle. Kika ce wannan shi ne farantinki. Sau uku kike cika shi, ba ƙari. Kowace loma tauna talatin. Ba a haɗa ci da sha.

Abin da ya fi wannan, wanda babu likitan da ya gaya mini, shi ne yadda za a zauna a farantin mutane ba a ci mutuncin kowa ba. Kika ce hannu kada ya bar faranti, ciki ne kawai zai huta. Ki ɓare wa tsohuwa nama daga ƙashi. Ki tura wa maƙwabciya dankali. Ki ja labari, ki yabi mai girki, ki tambayi lafiyar jikoki ɗaya bayan ɗaya. Kafin su ankara an cinye, ke ce ta ƙarshen wanke hannu, kuma finjali uku kika ci. Wallahi da wannan dabarar na yi shekara uku ina shiga bukukuwa da sunaye ba wadda ta ce na wulaƙanta abincinta.

Ba zan mayar da ke waliyyiya ba, don da kina nan da kin ce in daina ƙarya. Alewa ta so ta kayar da ke. Ke da bakinki kika ce zoben ba ya tsayar da alewa, sulɓewa take yi kamar ba a ɗaura komai ba, kuma a shekara ta huɗu ta mayar miki da kilo goma sha biyu. Kika je wurin likita kika faɗi gaskiya, kika sake farawa. Shi ya sa da na zo miki da kunya bayan ƙaramar Salla, na ce na ɓata komai da shayi mai sukari da mahamri, fanken nan namu mai zaƙi, ko faɗa ba ki yi ba. Cewa kika yi, "To an yi. Gobe bayan asuba ina jiran ki a bakin teku, kuma kada ki zo mini da takalmin biki." Daga mu biyu muka zama mu tara, duk Asabar muna tafiya, kina gaba kina yi mana tsiya.

Likitan da ya duba ki ya gaya wa maigidanki zoben yana nan lafiya a inda aka sa shi. Zuciyar ce, wadda ta yi shekara ashirin tana ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinta. Kwana kuwa na Allah ne, ba wanda ke ƙarawa ko ragewa. Amma tara ɗin nan da kika yi a tsaye kan ƙafafunki, kina sujada, kina goyon jikoki, ba zan zauna a gabana a kira su yunwa ba.

Ranar sadakar uku aka dafa shinkafar pilau a manyan tukwanenki. Da safe Kibibi ta ja ni gefe ta sa mini wani abu a hannu, ta ce a bakin zanenki aka same shi. Finjalin ne. Na yi niyyar in ɓoye shi a jaka in yi dabarar da kika koya mini, in yi ta ɓare nama ina jan labari. Amma da aka ajiye faranti, ga Inna a damana, ga matan da suka yi ta maganar suna kallona, sai na ga yau ba ranar dabara ba ce. Na fito da finjalin na ajiye a bakin faranti, na cika shi a gaban kowa.

Wata ta ce, "Riziki, ko a ranar nan ma? Ki ci mana, ai sadakar uwar ɗakinki ce."

Na ce, "Don sadakarta ce zan ci yadda ta koya mini. Uku zan ci. Kuma ranar Litinin zan je asibiti, ƙara matse zoben za a yi."

Ban kalli Inna ba, don na san idan na kalle ta zan karaya. Na fara tauna ina ƙirgawa, hawaye yana zuba, shinkafar ko ɗanɗanonta ba na ji. Na gama na farko, na gama na biyu. Zan cika na uku sai Inna ta riƙe hannuna. Na ce a raina shi ke nan, yau zan rasa uwa a gaban mutane. Sai ta janyo ƙafata ta hagu daga ƙarƙashin zane, ta daɗe tana kallon gurbin yatsan nan. Ta saki hannun nawa. Ta sa hannu a faranti ta zaɓo nama mafi laushi, ta yayyaga shi ƙanana da farcenta, ta zuba a finjalin.

"Sau nawa ta ce a tauna?"

Na ce talatin.

"To tauna. Ina ƙirgawa. Litinin ɗin ƙarfe nawa ne?"

Yaya, kin ji yadda aka yi. Zoben yana nan, ƙafata tana nan, uwata tana nan. Ranar Asabar bayan asuba mu takwas za mu fito bakin teku, ni zan shige gaba, ko da ban iya tsiyarki ba.

Ya Allah, ga baiwarKa Mwanakombo ta zo maKa. Ta ciyar da dubban bayinKa a ranakun farin cikinsu, ta rufa asirin masu kunya irina. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka karɓi sujadar nan da ta sha wuya kafin ta sake samu, Ka shayar da ita daga tafkin ManzonKa, tsira da amincinKa su tabbata a gare shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta Baba Omari Mwinyi, da Kibibi da 'yan uwanta, da jikoki, da matan da suka yi shekaru suna hura wuta tare da ita. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa bayanta ya yi kyau. Mu kuma, idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Ƙanwarki,
Riziki Athumani