Waken da Ƙwaro Bai Taɓa Ba

Ni ba mai fita ba ce, duniyata tsakar gida ce da bakin murhu. Garin kunun yara ma na fara shi ne saboda jikata da aka yaye ta ƙi cin komai. Na soya gero da wake da gyaɗa, na jefa dabino, aka niƙo mani. Ta sha har ta yi kumatu. Maƙwabta suka gani, daga nan sai Kankia ta ɗauka, har motar Kusada ta riƙa tsayawa ƙofar gidanmu tana ɗaukar ƙulli-ƙulli.

Abin da nake gaya wa iyaye ɗaya ne, hatsina bai san maganin ƙwari ba. Waken daga wani dattijo na Dudunni yake zuwa, mai ajiya cikin toka da barkono. Duk da haka in bazara ta yi sai ka ga huji nan da can, in zauna da faifai ina tsincewa ina mita.

Shekarar da masu saye suka yi yawa, rumbun dattijon ya ƙare tun ruwa bai sauka ba. Ƙanen maigidana, wanda ke mana sayayya, ya shigo da buhu daga kasuwa yana fara'a.

"Yaya, kin huta da tsinta. Duba ki gani, fari tas kamar haƙoran amarya."

"Wanga wake na bana ne kuwa?"

"Na bara ne. Mai shi ya iya ajiya, ba irin tsohonki mai toka ba."

A ranar, aiki ya yi mana yawa, matan da ke taya ni suka soya suka kai niƙa, motar Kusada ta tafi da kaso na farko. Sai da gida ya yi shiru na zura hannu cikin buhun har gwiwar hannu. Na juya, na sake juyawa. Wake ya kwana shekara, amma ko huji ɗaya babu. Na kai hannun hanci, sai na ji wani ɗan wari can ƙasa-ƙasa, kamar na ɗakin da aka yi wa feshi aka rufe.

Ina da ragowar tsohon wake a ƙwarya, ƙwari na yawo a kai. Na tsinci ƙwarin kaɗan na zuba su a kwalba tare da sabon waken, na ɗaure bakin da tsumma. Washegari da na idar da salla na ɗaga kwalbar. Duk sun kwanta, ƙafafu sama.

Ƙanen nan namu ya leƙo, ya daɗe yana kallo.

"Ai soyawa na kashe komai, Yaya," in ji shi, amma murya ta yi ƙasa.

"Ka sani, ko kana zato?"

Na ɗauko hijabi, na ce ya tada babur mu nufi Kusada. Ban san gidajen Kusada ba, sunayen iyayen kawai na sani da na 'ya'yansu, kuma a lokacin nan ne ake ɗora ruwan kunun safe.