Rigar Ulun Malam

Rubuta yadda na faɗa, 'yar nan, kada ki gyara mini magana.

A ƙauyenmu, yamma da Maraɗi, idan an ci tuwo an sallaci isha'i, sai mu zagaye murhun kakata, Iya Tabawa. Tana gasa mana gyaɗa a toka, hayaƙi na sa ta tari, ta ce, "Ku matso, ga wata nan tafe. Wanda ya yi gyangyaɗi, gyaɗarsa tawa ce."

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta tunkiya. Wai a da tumakinmu suna da gashi mai kauri kamar auduga. Wata rana ruwan sama ya tare wata mata a daji da jaririnta, zanen goyonsa ya jiƙe sharkaf, yana ta karkarwa. Tunkiya ta ce ta aske gashinta ta naɗe shi, akwai maiƙo a jiki, ruwa ba ya ratsawa. Yaro ya rayu. Gashin kuwa bai sake tsirowa ba, shi ya sa da an fara yayyafi za ki ga tumaki sun raɓe jikin bango suna kuka.

Na ce, "Iya, yaron ya gode mata?"

Ta ce, "Ke, jariri ya san wa? Bai ma san an yi ba."

Na ji haushin tunkiyar nan. Na ce wawuya ce.

Yanzu ga ni a Greensboro ta Amurka, a ɗakin 'yata Rabi, bayan High Point Road. Nan maigidana Malam ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Kayansa duk an rabar, sai rigar sanyinsa ta ulu da na ɓoye ƙarƙashin matashina, don har yanzu akwai ƙamshin turarensa a wuyanta.

Ɗan Rabi kuwa, kunzugun roba na yarwa ya saɓule masa fata, kullum kuka. Aka koma nafkin na yadi, amma fitsari na zubowa. Aka ce sai an ɗora wandon ulu a sama, yana tare danshi, iska kuma na shiga. Rabi ta duba a kwamfuta, ta yi tsaki. Guda ɗaya kuɗinsa cefanen kwanaki ne, kuma ɗaya ba ya isa.

Ta daɗe tana kame-kame kafin ta ce, "Mama, wata a wurin aikinmu ta ce da tsohuwar suwaita ake ɗinka shi. Ta Baba ulu ce zalla."

Na ce, "Rigar ubanki za ki sa wa kashi?"

Yaron na ta tsala ihu a cinyarta.

Da kaina na sa almakashi. Wando uku suka fita. Aka wanke, aka jiƙa a man gashin tunkiya da ake sayarwa a 'yar kwalba, ƙamshin Malam ya tafi gaba ɗaya. Fatar yaro ta warke sumul.

Mutane na cewa na yi abin kirki, na samu lada. Wataƙila. Ni dai abin da na gane shi ne, Iya ba ta taɓa cewa tunkiyar ta daina jin sanyi ba. Idan na canza wa jikana nafkin, yana dariya yana harba ƙafa cikin hannun rigar kakansa. Nakan taya shi dariyar, sannan in shiga bayi in rufe ƙofa, don kada Rabi ta ji ni.