Fuskar Makaɗa Labbo da Hatimin Gidan Waya

Cikin duk shekarun da na yi a gidan waya na Talata Mafara, akwai wata ranar kasuwa da har yau ban manta da ita ba. Ku da kuka kama aiki bayan wayar hannu ta cinye mana wasiƙa, ku saurara.

Lokacin ina babban akawu, daga shugaban ofis sai ni. Umarni ya zo daga hedkwata cewa za a buga sababbin kan sarki masu hotunan mawaƙan gargajiya, kowane yanki ya miƙa suna ɗaya. Ƙa'idar ita ce mawaƙin ya riga ya rasu, kuma iyalinsa su ba da hoto da yardarsu. Mu aka ɗora wa jin ra'ayin Mafara da Bakura da Maradun.

Mun kuwa ji ra'ayi har ya ishe mu. Mutanen Maradun suka ce in ba makaɗin fada ba, to wasa ake yi. Na Bakura suka ce makaɗin fada sarki ya yi wa aiki, ba talaka ba. Wani malami ya zo har ofis ya ce a bar makaɗa gaba ɗaya, a sa masu waƙen wa'azi. Waɗanda rabonsu da sayen kan sarki tun suna makaranta su suka fi kowa ɗaga murya. Da ƙyar aka daidaita a kan marigayi Makaɗa Labbo na Ruwan Gizo, makaɗin noma, don babu garin da bai yi wa kiɗan gayya ba.

Ranar Talata, ranar kasuwar garin, babban ɗansa, Malam Umaru, ya zo da hoton naɗe cikin ƙyalle. Muka gaisa, na ba shi kujera a bayan kanta, na ce ya ɗan jira in gama da wasiƙun Gusau kafin mota ta tashi. A aikinmu, kowane kan sarki sai an buga masa hatimin ƙarfe don kada a sake amfani da shi. Ni kuma hannuna da nauyi, abokan aiki kan tsokane ni cewa ana jin hatimina daga tasha.

Ina cikin bugu wani ya sayi kan sarki, ya lasa, ya manna a ambulan, ya miƙo mini, na sauke masa hatimi. Malam Umaru ya ƙura wa hannuna ido.

"Malam Akawu, in an sa baba, hakanga za a riƙa yi mai? A lashe shi da miyau, a kai mai ƙarhe ga huska?"

Na yi ta bayani cewa girmamawa ce, hoton zai zagaya duniya. Shugaban ofis ya fito ya gaya masa cewa in babu hoto sunan mahaifinsa ya faɗi, gardama kuma ta dawo sabuwa. Ya saurare mu tsaf, ya mayar da hoton cikin ƙyallensa, ya yi godiya ya tafi. Gaskiya na ji haushinsa, don ni na san wahalar da muka sha.

Da Talata ta zagayo sai ga shi da buhu a kafaɗa. Ya kwance, ya fito da tsohuwar gangar mahaifinsa ya ɗora a kan kanta.

"Ku ɗauki hoton wagga. Ita don duka anka yi ta. Huskar baba kuwa, ko mu ɗiyanai ba mu iya ɗaga ido mu dube ta."

Hoton gangar muka tura hedkwata tare da bayani. Har na yi ritaya ban ga kan sarkin ya fito ba, ban kuma san inda maganar ta tsaya ba.

Abin da na koya shi ne, kafin ka karrama mutum, ka tambayi mutanensa abin da suka ɗauka karramawa. Daga ranar, duk kan sarkin da ke da fuskar mutum, a gefe nake sauke masa hatimi, kuma ba a ƙara jin hannuna daga tasha ba.